Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Janar Burhan: Waɗanda Suka Zauna A Kartum Ba Su Suka Sayar Da Ita Ba

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Majalisar Mulkin Sudan kuma Babban Kwamandan Askarawanta, Janar Abdulfatah Al-Burhan, da kuma Gwamnan Jihar Kartum.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa irin ta addinin Musulunci, muna miƙa ta'aziyyar duk waɗanda wannan yaƙi na sojojin Sudan da dakarun RSF ya ci, soja da farar hula. Allah ya jiƙansu, ya ba na baya haƙuri.

Ni ɗan kasuwa ne a Injamena. A nan aka yanke mini cibi, a nan na yi furfura. Na rubuto ne da yawun wasu iyalan Hausawa na Injamena da Abeshe da Kusuri ta tsallaken Kamaru, waɗanda kowannensu yake da jini a Kartum. Wani 'ya ya aurar can, wani ƙaninsa ya tafi karatu ya samu wurin zama, wani kuwa kakansa ne ya kama hanyar Makka a ƙasa, guzuri ya ƙare a bakin Nilu, rabin gida ya tsaya can, rabi ya dawo nan. Mun sha zama bayan sallar Juma'a muna juya maganar, daga ƙarshe suka ɗora mini rubutun. Ba mu da ƙungiya, ba mu da hatimi. Abin da ya ba mu ƙarfin gwiwa kawai shi ne, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Kafin koke, bari in faɗi abin da wasu a garin nan ba za su so in faɗa da ƙarfi ba. Mun yi murna ranar Juma'a 21 ga Maris 2025, cikin azumi, da aka ce sojojinka sun shiga fadar shugaban ƙasa. Tun asubahin 26 ga Satumba 2024, da suka tsallako gadoji daga Umdurman, kunnuwanmu ba su bar rediyo ba. Muna ji aka karɓe Wad Madani ranar 11 ga Janairu, muna ji aka fasa ƙawanyar da aka yi wa hedkwatar soja tun farkon yaƙi, aka karɓe matatar mai ta Jaili. Ranar 26 ga Maris da ka sauka a filin jirgin Kartum ka ce birnin ya 'yantu, dakarun RSF na Hemeti, waɗanda 'yan'uwanmu can ke kira Da'ama, suna ta kwarara ta gadar Jabal Auliya sun nufi yamma, ƙanwata ta aiko mini da saƙon murya. Ba ta ce komai ba, guɗa kawai ta yi, sannan ta fashe da kuka. Ba mu jahilci abin da Da'ama suka yi wa birnin ba. Sun kori mutane sun tare a gidajensu, sun kwashe motoci da zinaren mata, sun keta haddin 'ya'yan mutane, ko gidan tarihin ƙasa ba su bari ba. Luguden da aka yi wa kasuwar Sabrin ta Umdurman ranar 1 ga Fabrairu ya kashe sama da mutum 50. Mun ga hotunan waɗanda aka fito da su daga wuraren da suke tsare mutane, ƙashi da fata. Duk wanda ya kore su daga birnin ya yi aiki, kuma ba mu da niyyar rage masa ladansa.

Sai dai mu mutanen Injamena mun san wani abu game da ƙwato babban birni wanda ba a cika faɗarsa ranar murna ba. Gani ya kori ji. An fara gwabzawa a titunanmu ranar 12 ga Fabrairu 1979. An je Kano an sa hannu, an je Legas an sa hannu, ba a shekara ba aka koma. Daga Maris 1980 aka yi wata tara ana ɓarin wuta tsakanin Gukuni Waddai da Hisen Habre, sai a tsakiyar Disamba tankokin Libiya suka raba gardama. Ranar 7 ga Yuni 1982 Habre ya dawo ya karɓe garin. Farkon Disamba 1990 Idris Debi ya shigo. A Afrilun 2006 da Fabrairun 2008 'yan tawaye suka kutso har tsakiyar gari aka kora su. A duk waɗannan, abu ɗaya bai taɓa canzawa ba. Wanda ya shigo da nasara ba ya samun maƙiyinsa, don maƙiyin ya riga ya hau mota ya yi gaba. Wanda yake samu shi ne talakan da bai iya gudu ba, kuma a kansa ake huce haushi.

Ina da shekara 14 a 1980. Lokacin babu gadar Ngeli, a kwalekwale mahaifiyarmu ta tsallaka da mu zuwa Kusuri, muna jin ƙarar harsashi a bayanmu. Baba ya ƙi tafiya. Yana da rumfar gero da tsohuwarsa makauniya wadda ta rantse ba za ta shiga ruwa ba. Don ya iya fita ɗebo ruwa da zuwa kasuwa, dole ya karɓi takardar izinin wucewa daga waɗanda ke riƙe da unguwarmu. Da garin ya sauya hannu, wasu masu bindiga suka same ta a aljihunsa, suka yi masa dukan da har ya rasu kunnensa na hagu bai ƙara ji ba. Ya warke, ya karɓi takardar sababbin masu gari. Bayan shekara ɗaya da rabi aka sake juyawa, aka same shi da waccan, aka sake kwantar da shi a gaban rumfarsa. Daga nan ya ɗauki ɗabi'ar da muke yi masa dariya muna yara: duk takardar hukuma da aka ba shi, sai ya naɗe ta a leda ya binne a ƙarƙashin randa. Ban gane ba wauta ba ce sai da na girma.

Wannan ya kawo ni ga kokenmu na farko, kuma shi ne mafi nauyi. Kalmar da ta fi kowace tsoratar da 'yan'uwanmu a Kartum yau ita ce “muta'awin”, wato wanda ya haɗa kai da Da'ama. Ranka ya daɗe, wane ne bai “haɗa kai” ba cikin waɗanda suka yi kusan shekara biyu a hannunsu? Ranar Asabar 15 ga Afrilu 2023 da yaƙi ya ɓarke, masu hali suka cika motoci suka nufi Masar da Fot Sudan. Gwamnati ita kanta Fot Sudan ta koma. Waɗanda suka rage a unguwannin kudu, Mayo da Ingaz da Azhari da Salama, waɗanda ake kira Janub al-Hizam, su ne masu wankau da masu shayi da leburori da masu gasa nama, waɗanda kuɗin motar mutum ɗaya ya fi ƙarfin jarinsu duka. Mai shayi da ɗan bindiga ya zauna a bencinta ya ce a zuba masa, ta ce masa me? Da layukan waya suka ɗauke a Fabrairun 2024, hanyar da ta rage ta jin muryar ɗan'uwa ko karɓar ɗan abin da aka turo ta manhajar banki ta Bankak ita ce Starlink, intanet ta tauraron ɗan Adam, kuma a wurare da yawa na'urar tana hannun 'yan Da'ama, ana biyansu kuɗin awa. Ni kaina duk kuɗin da na aika wa ƙanwata ta wannan ƙofa ya bi. In wannan ne haɗin kai, to a rubuta sunana a farkon jerin. Ko sababbin takardun kuɗin da aka fitar a Disambar 2024, a yankunan da ke hannun soja aka canza su, na cikin Kartum suka wayi gari da tsofaffin takardu a hannu, waɗanda su ma suka zama abin tuhuma. Hausawa kan ce zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. To waɗannan ba su suka je wurin maɗaukin kanwar ba, shi ya zo ya sauke kayansa a tsakar gidansu da bindiga a kafaɗa.

Ba jita-jitar kasuwa nake kawo maka ba. A farkon Afrilun 2025, kwanaki kaɗan bayan saukarka filin jirgi, shugaban hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta Majalisar Ɗinkin Duniya, Volker Türk, ya fito ya yi magana kan rahotannin kashe fararen hula ba tare da shari'a ba a sassan Kartum, bisa zargin haɗa kai da Da'ama. Ya ambaci Janub al-Hizam da sunanta, inda aka ce an kashe aƙalla mutum 20, har da mace. Ya kuma yi maganar jerin sunaye da ake yaɗawa a intanet, ana cewa ga maciya amana. Kafin wannan, a Janairu, an ga abin da ya faru a kanabi, matsugunan leburorin gona na Jazira, musamman Kambo Tayba, inda masu bincike suka ƙirga aƙalla gawa 26 suka kuma ɗora alhakin a kan mayaƙan Abu Aƙla Kaikal, mutumin da watanni kaɗan kafin nan shi ne kwamandan Da'ama a Jazira. Wannan abu yana ci mini tuwo a ƙwarya. Wanda ya jagoranci mayaƙansu ya sauya riga an karɓe shi hannu bibbiyu, wanda ya sayar musu da ruwa kuwa yana amsa tambaya da bakin bindiga a ƙeya. Rundunarka ta yi tir da abin, ta kira shi laifin ɗaiɗaikun mutane, kai kuma ka kafa kwamitin bincike. Iyalan da ke nan suna tambaya: wa aka hukunta?

Ɗan ƙanwata yana da shekara 19. Mahaifinsa mai agashe ne a Ingaz. (Ko sunan wannan nama da duk Sudan ke layi a kansa da yamma, ai kowa ya san daga bakin wa ya fito: a gashe.) Da nama ya gagara, uban kuma ya kwanta, yaron ya samu jaki da amalanke yana sayar da ruwa gida-gida. Da wannan ya ciyar da mutum bakwai. Kwana tara bayan murnar da muka yi, wasu masu bindiga da ba kaya iri ɗaya suka sa ba suka tare shi a shingen hanya. Suka karɓi wayarsa, suka ga lambata mai farawa da 235, suka ce ɗan Chadi ne. Kwana 19 uwarsa ba ta san inda yake ba. Limamin masallacinsu da dattawa uku ne suka bi sawu, suka dafa Alƙur'ani cewa a gabansu aka raɗa masa suna, sannan aka sako shi da karyayyen hannu. Abokinsa da aka kama su tare maraya ne, ba shi da dattijon da zai tsaya masa. Uwar ɗakinsa har yau tana ajiye masa tuwo.

Mun san akwai waɗanda suka nuna gidajen maƙwabta aka je aka yashe, akwai waɗanda suka ɗauki bindiga suka shiga cikinsu don ganima. Ba mu roƙar wa waɗannan komai. Amma wurinsu gaban alƙali ne, da shaidu da lauya. Ko a kotun ma muna jin ana yanke hukuncin kisa da ɗaurin rai da rai ƙarƙashin sashe na 50 da na 51 na dokar laifuka ta 1991, sassan da aka tanada don masu yaƙar ƙasa. A duba da kyau kada a auna mai tallan ruwa da mudun da aka yi don kwamanda.

Koke na biyu ya shafi fuska da harshe da takarda. Akwai abin da mutane can suke kira dokar baƙuwar fuska: a dube ka, a ji lafazinka, a yanke cewa kai ba ɗan nan ba ne. Bahaushen Sudan ya daɗe yana shan wannan. Ranka ya daɗe, ka fi ni sanin garin Mai Wurno da ke bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar. Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, shi ya kai jama'a can bayan Turawa sun kashe mahaifinsa a Burmi a 1903. Tun ba a gina madatsar Sinnar ba suna nan, kuma da aka buɗe gonakin audugar Jazira a 1925, da guminsu aka yi noman. Dokar zama ɗan ƙasa ta 1994 ta ɗauki 1 ga Janairu 1956 a matsayin ma'auni. Waɗannan mutane sun riga wannan rana da shekara 50. Duk da haka a Yulin 2022, a jihar Shuɗin Nilu, an kashe sama da mutum 100 a rikicin da tushensa shi ne wai Bahaushe baƙo ne, ba shi da ƙasa ba shi da sarauta. Yanzu ga yaƙi ya ƙone takardun mutane. Wanda aka yashe gidansa har da katifa, ina zai samo takardar haihuwa? Wanda bai taɓa mallakar lambar ɗan ƙasa ba saboda kakansa bai san ƙofar ofis ba, yau an ce ya kawo ta ko a haɗa shi da baƙin haure. Tun a Yulin 2024 hukumomin jihar Kartum suka ba baƙi wa'adin mako biyu su fice, bayan ƙwato birnin kuma aka tsananta kame da kora. Kowace ƙasa tana da ikon sanin wanda ke cikinta, ba mu musa ba. Tambayarmu ita ce, wanda aka haifi kakansa a tsohuwar unguwar Ishash Fallata ta Kartum, hukuma da kanta ta tashi mutanen unguwar ta kai su Ingaz a zamanin Bashir, in an kore shi ina za shi? In an sauke shi a Adre, garin Chadi da ke kan iyaka, wallahi ko hanyar Abeshe bai sani ba.

A nan dole in taɓo maganar da ke tsakanin gwamnatinku da tamu. Kun zargi Chadi da barin makaman Daular Larabawa su bi ta filin jirgin Amjaras zuwa hannun Da'ama. Gwamnatinmu ta musanta. An kori jami'an jakadancin juna a Disambar 2023, kun kai ƙara gaban hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta Afirka. Wannan shari'ar manya ce, ku yi ta a inda ake yin ta. Amma a Maris 2025, ana tsakiyar murnar fada, mataimakinka Janar Yasir Al-Atta ya ce filayen jirgin Injamena da Amjaras halattattun wuraren hari ne. Filin jirgin Injamena ba a daji yake ba, yallaɓai, a cikin gari yake, ina jin tashin kowane jirgi daga rumfata. Kuma irin wannan magana in ta fito daga bakin babba, ba a sama take tsayawa ba. Tana gangarowa har shingen hanya, ta zama hujjar yaro mai bindiga da ya ga 235 a wayar ɗan ƙanwata. A tuna kuma cewa ƙasar da ake zagin nan ta karɓi 'yan Sudan sama da 800,000 tun farkon wannan yaƙi, ban da waɗanda ke sansanoni tun rikicin Darfur na 2003. Mutanen Wadai da suka raba rijiya da gero da su ba su taɓa ganin ko ƙyallin kuɗin Amjaras ba.

An taɓa yin irin wannan a birninku. Bayan mayaƙan Khalil Ibrahim, madugun 'yan tawayen Darfur, sun kai hari Umdurman ranar 10 ga Mayu 2008, an bi motocin haya ana sauke mutane saboda kamanninsu na 'yan Darfur. Wata uku kafin nan mu ma mun ga namu: ranar 3 ga Fabrairu, ƙurar yaƙi ba ta kwanta ba, aka ɗauke Ibni Umar Mahamat Saleh daga gidansa, malamin lissafi kuma jagoran adawa wanda bai riƙe bindiga ba. Har yau iyalinsa ba su ga ko ƙashinsa ba. Habre ma da ya shigo a 1982 an yi masa guɗa. Watanni kaɗan bayan haka ya kafa hukumar 'yan sandan ciki ta DDS don farautar waɗanda ake zargi, aka mayar da wurin wanka na Turawa kurkukun ƙarƙashin ƙasa. Kwamitin binciken da aka kafa bayan faɗuwarsa ya ƙiyasta mutum 40,000 suka halaka. Ya ƙare a gaban kotu a Dakar, aka yanke masa ɗaurin rai da rai ranar 30 ga Mayu 2016. Ban kawo wannan don in kwatanta ka da kowa ba, Allah ya kiyaye. Na kawo ne don na ga inda hanyar take farawa, kuma da ɗan ƙaramin jerin sunaye take farawa.

Na uku shi ne rusau. Muna jin an sa katafila a unguwannin da ake kira na kama-wuri-zauna, da hujjar cewa maɓoyar ɓarayi ce da magoya bayan Da'ama. Mu ma bayan Fabrairun 2008, cikin dokar ta-ɓaci, an rushe gidaje sama da 1,000 a Injamena. Ɓarayin ba su ragu ba, sai masu kwana a gindin bishiya da suka ƙaru. Mutanen kudancin Kartum sun sha wuta daga sama da ƙasa. Ranar 10 ga Satumba 2023 bam ya faɗa kasuwar Goro da ke yankin Mayo ya kashe sama da mutum 40. Da'ama suka ce jirgin soja ne, soja suka musanta, gawawwakin dai aka kwasa zuwa asibitin Basha'ir. Wanda ya tsira daga wannan, ya tsira daga yunwa, bai kamata ya tsira don ya ga katafilar gwamnatinsa a ƙofar ɗakinsa ba.

Sauran ba sai na tsawaita ba, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A ƙarshen Mayu 2025 ma'aikatar lafiyarku ta sanar da mutuwar mutum 172 cikin mako guda saboda kwalara, mafi yawansu a jihar Kartum, bayan jirage marasa matuƙa sun lalata tashoshin lantarki, famfuna suka ƙafe, mutane suka koma shan ruwan kogi. Ana kiran mutane su dawo gida alhali harsasan da ba su fashe ba suna kwance a makarantu da tsakar gidaje. Samarin da suka riƙe takaya, tukwanen sadaka na unguwa, da ɗakunan agajin gaggawa, waɗanda su ne gwamnatin talaka a lokacin da babu gwamnati, Da'ama sun kama su sun ce 'yan leƙen asirin soja ne, yanzu kuma wasunsu na ɓuya don an ce da izinin wa suka dafa wake a ƙarƙashin Da'ama.

Ga abin da muke roƙo, ranka ya daɗe.

Ka fito da bakinka, a gidan rediyon Umdurman da sojojinka suka ƙwato tun Maris 2024, ka faɗa da Larabcin da kowa zai gane cewa zama a Kartum lokacin mamaya ba laifi ba ne, sayar da shayi ko ruwa ko burodi ba cin amanar ƙasa ba ne. Sanarwar kakakin soja ba za ta wadatar ba. Yaron da ke tsaye a shinge muryarka yake ji.

A tattara duk masu ɗauke da makami da sunan taimakon soja, 'yan sa-kai da bataliyoyi irin su Bara'u bin Malik da mutanen Kaikal, a hana su kama farar hula ko tsare shi. Kamu aikin 'yan sanda ne da mai gabatar da ƙara. A fitar da sunayen duk waɗanda ke tsare da wuraren da suke, a bar ƙungiyar agaji ta Red Cross ta shiga ta gan su, a kuma buɗe hanyar da iyalai irinmu da ke wajen ƙasa za su yi cigiya ba tare da tsoron cewa cigiyar za ta ƙara wa ɗan'uwansu laifi ba. Wannan tsoron gaskiya ne. Da yawa cikinmu sun daina kiran 'yan'uwansu, sun ce su goge lambobinmu.

A bayyana sakamakon binciken kanabi, a yi irinsa a kan Janub al-Hizam, a ga fuskar waɗanda aka hukunta.

Wanda takardunsa suka salwanta, a karɓi shaidar limaminsa da mai unguwarsa da sarakunan Hausawa da na sauran ƙabilu, kamar yadda aka karɓa a kan ɗan ƙanwata, amma a gaban teburin ofis, kafin a karya hannu. Kada a kori kowa zuwa ƙasar da bai taɓa takawa ba. Wanda kuma ya tabbata ɗan Chadi ne, a miƙa shi ta hannun hukuma da ɗan lokacin da zai tattara kayansa. A dakatar da rusau har sai an nuna wa mutane filin da za su koma, kuma a fara kai ruwa da maganin kwalara unguwannin kudu kafin a gyara fitilun titin fada.

Roƙo na ƙarshe ƙarami ne a wurinku. Mun ji an fara tono gawawwakin da aka binne a gidaje da filayen ƙwallo da harabar makarantu ana mayar da su maƙabarta. Daidai ne. Mijin ƙanwata, mai agashen nan, ciwon sukari ya kashe shi a damina ta biyu ta yaƙin, ba don ciwon ya fi ƙarfin magani ba, sai don allurar ta ɓace daga gari. Hanyar maƙabarta ba ta biyuwa a ranar, maƙwabta huɗu suka yi masa salla suka binne shi a tsakar gida, gefen bishiyar darbejiya. Ƙanwata ta kafa ƙarfen da yake gasa nama a kai don ya zama alama. In ma'aikatanku sun zo ɗaukarsa, a sanar da ita kafin ranar, a bar ɗansa ya bi motar, a rubuta sunansa da lambar kabarin a ba ta a hannu. Ina da niyyar zuwa in tsaya a kansa in yi masa addu'a ranar da hanyar Adre ta buɗe wa irina.

Allah ya ba Sudan lafiya, ya ba ka ikon yin adalci. Wassalamu alaikum.

Naka,
wani ɗan kasuwa daga Injamena,
a madadin iyalan Hausawan Injamena da Abeshe da Kusuri masu 'yan'uwa a Kartum.